Tafintan Da Ya Rasa Tafinta: Ta'aziyyar Misbahu Garba Ƙaraye

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma, ko mun shirya ko ba mu shirya ba. A safiyar Laraba, 15 ga Oktoba, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Misbahu Garba Ƙaraye a wani gidan jinya da ke Silver Spring, bayan ya sha fama da shanyewar ɓarin jiki tun farkon shekara. An yi masa sutura washegari Alhamis bayan sallar Azahar. Ya bar matarsa Hajiya Sailuba, da 'ya'ya mata biyu, da ƙanensa Injiniya Zulkifilu, shugaban ƙungiyarmu ta Hausawa mazauna wannan yanki. Shi Injiniyan ne ya ce in rubuta wannan ta'aziyya, wai ni ne na fi kowa daɗewa da mamacin, kuma wai alƙalamina bai gama bushewa ba. Na karɓa. Abin da yake so in rubuta daban, abin da na gani daban, kuma na tsufa da rubuta abin da ban gani ba.

Misbahu, da kai zan yi magana, domin kai kaɗai ne ba za ka katse ni ba.

Tun ranar da ka rasu wayata ba ta huta ba. A zauren ƙungiya na waya kowa yana rubuta cewa mun yi rashin masani, mun yi rashin bango, Hausawan Amurka sun rasa wani haske. Na karanta sunayen masu rubutun ɗaya bayan ɗaya. Su ne dai waɗanda suka raɗa maka Baturke, ba don girmamawa ba. Su ne waɗanda, ranar walimar Babbar Salla a Hyattsville, da aka ba ka dama ka yi wa yara jawabi kan harshe, ka fara ba su labarin yadda Turkawa suka sauya haruffansu, wani ya ɗaga murya daga baya ya ce, "Baturke, a taƙaita mana, shinkafa na hucewa!" Aka kwashe da dariya, kai ma ka yi murmushi ka zauna. Wanda ya faɗi haka shi ne ya fi kowa tsawon addu'a a zauren yanzu. Mutuwa tana gyara wa mutane harshe, sai dai ba ta gyara shi a kan lokaci.

Mun haɗu da kai a makarantar sakandare, muna kwana a ɗaki ɗaya. Ni na tafi jami'a na karanta tarihi, har na koyar da shi, kafin ƙasa ta nuna mini cewa ba ta da buƙatarsa. Kai kuwa gwamnati ta tura ka Ankara ka koyo aikin likitan dabbobi, ka dawo da takardar, amma zuciyarka ta maƙale a wani abu dabam. Ka tafi neman maganin shanu, ka dawo da harshe. A wancan zamani babu wanda ke neman Turkanci a Kano, ko kyauta. Daga baya guguwar da ta kwaso mu duka ta jefo mu nan, ni ina tsaron wurin ajiye motoci, kai kana jigilar mutane zuwa filin jirgi, sa'an nan a tsakani kana aikin tafinta ta waya: idan an kawo Baturke asibiti ko kotu, ba ya jin Turanci, sai a kira, muryarka ta shiga tsakani.

Duk abin da na sani game da Turkanci a bakinka na ji shi, mafi yawa a ranakun Asabar, a Takoma Park, gidan abokinka Rifat Bey, tsohon injiniyan gadoji wanda kuka san juna tun Ankara. Shayi ja babu madara, a 'yan ƙananan tambulan masu siririn ƙugu. Kai da shi kuna zuba, ni ina saurare kamar kurma a kasuwa, sai ka tausaya mini ka juyo. Ka ce mini mutum sama da miliyan tamanin ke magana da shi, kuma yana da dangi tun daga bakin Turai har zuwa iyakar Sin, mutanen Azarbaijan da Turkumanistan da Uzbekistan duk 'yan gida ɗaya ne da shi. Ka ce kalmarsu kamar ayarin raƙuma take: a ɗaura wannan a wutsiyar wancan, har kalma ɗaya ta ɗauki kayan da mu sai mun yi jimla guda. Ka ce wasulansu ba sa auren bare, in na farko mai kauri ne duk na bayansa sai su bi shi. Ka ce ba su da "shi" da "ita", kalma ɗaya ce ta ishe su, kuma duk da haka ba a taɓa jin wani ya auri ƙanensa bisa kuskure ba. Ka nuna mini kalmomin da muka aro a rijiya ɗaya da su, wato Larabci: duniya, zamani, labari da suke kira haber, littafi da suke kira kitap.

Abin da ya fi burge ka shi ne gaisuwarsu. Ka ce duk duniya ba ka ga mutanen da suka iya sannu kamar mu ba sai su. Sun ga mai aiki, su ce "kolay gelsin", Allah Ya kawo sauƙi. Sun ga majinyaci, su ce "gecmish olsun", Allah Ya sa ya wuce. Ko abinci suka ci sai sun yi wa hannun da ya dafa addu'ar lafiya. Abin da ya fi damun ka kuma shi ne abin da ya faru a 1928, lokacin da hukumarsu ta ajiye haruffan Larabci da aka yi ɗaruruwan shekaru ana rubutu da su a Daular Usmaniyya, ta ɗauki na boko, daga baya kuma aka bi kalmomin Larabci da na Farisanci ana tsincewa ana zubarwa. Ba ka cewa sun yi daidai, ba ka cewa sun yi kuskure. Abin da kake faɗa shi ne, ka taɓa ganin saurayi a maƙabarta a Istanbul, tsaye a kan kabarin kakansa, yana roƙon wani baƙo Balarabe ya karanta masa abin da aka rubuta a dutsen. Wannan ne labarin da ka so ka ba yaranmu ranar da shinkafa ta fi ka muhimmanci.

Alherinka ba sai na ƙirƙira ba. Bahaushe nawa ne ya sauka a ƙasar nan cikin sanyi da 'yar shara, ya tarar da kai a bakin ƙofar fita riƙe da rigar sanyi? Injiniyan kansa a falonka ya yi shekararsa ta farko. Na tuna wata tsohuwa Baturkiya da aka yi wa aikin zuciya, wadda bayan an gama fassara ta ƙi yarda a kashe wayar, domin tun da aka kwantar da ita ba ta ji yarenta ba. Ka roƙi ma'aikatan su bar layin, ka ajiye motarka a gefen hanya, ka yi ta yi mata hira kan farashin tumatir a garinsu har barci ya ɗauke ta. Kuma kana da ƙa'idar aiki da kake alfahari da ita. Ka ce tafinta ba ya cewa "ya ce". In majinyaci ya ce "ina jin tsoro", kai ma "ina jin tsoro" za ka ce, da bakinka, ba ƙari ba ragi, ko maganar ta yi maka nauyi.

To, Misbahu, yanzu sai mu zo inda Injiniya ba ya so in zo.

Kana da 'yar fari. Ba zan kira sunanta ba tukuna, tunda da kai nake magana, kuma na san halinka. An haife ta a Kano, aka kawo ta nan ba ta fi shekara uku ba. Ka riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda ka gada a Ƙaraye: ba ka kiran sunanta, ba ka ɗaukar ta, ba ka yabon ta a gaban mutane ko a bayansu. "Ke." "Waccan." "Ku ce wa yarinyar nan ta rage ƙarar talabijin." Ƙanwarta Hairat kuwa a wuyanka ta girma, sunanta a bakinka kamar waƙa. Yarinyar da ke zuwa makarantar da iyaye ke tsayawa a bakin fili suna ƙwala sunan 'ya'yansu har muryarsu ta dushe, me kake so ta fahimta?

Na yi maka magana ba sau ɗaya ba. Wata rana a motarka, muna kan hanyar dawowa daga Juma'a, na ce, "Misbahu, nan fa ba Ƙaraye ba ce."

Ka ce, "Umaru, ubana bai taɓa kiran sunana ba har ya koma ga Allah, kuma na san ya fi so na a kan kowa."

Na ce, "Ta yaya ka sani?"

Ka ce, "Kowa a garin ya gaya mini. Kakata, gwaggona, har mai yi masa aski."

Na ce, "To ita wa zai gaya mata? Mai kawo wasiƙa?"

Ka yi dariya ka kunna rediyo. A Ƙaraye shirun uba yana da tafintoci gari guda. A Hyattsville, a hawa na uku, tsakanin maƙwabci ɗan Habasha da maƙwabciya 'yar Salbado, babu ko ɗaya. A wurin Sailuba ma yarinyar 'yar fari ce, ita ma kunyar ta ɗaure ta. Kai da ka yi rayuwarka kana shiga tsakanin mutanen da ba sa jin juna, ka bar 'yarka da yaren da babu mai fassara mata shi.

Sailuba ce ta ba ni labarin ranar da abin ya tsinke. Yarinyar ta gama karatun haɗa magunguna, ta samu aiki a Arizona, tana haɗa kaya. Ta same ka a kicin, ta tsaya a gabanka, ta ce da Turanci, "Baba, ka kira sunana. Sau ɗaya kawai, in ji yadda yake a bakinka." Ka dube ta, ka ɗauki hularka da makullin mota, ka fita. Ta tafi. Da farko tana kiran uwarta duk mako, in an miƙa maka wayar ka ce a gaishe ta. Daga baya ta daina tambayar ka. Shekaru suka tafi a haka.

A watan Janairu ciwon ya buge ka. Da ka farfaɗo, ɓarin dama ya mutu, kuma wani abu ya faru wanda likitoci suka ce ba sabon abu ba ne ga mai harsuna da yawa: Hausa ta tafi, Turanci ya tafi, ba ka iya faɗa, ba ka gane abin da ake faɗa. Turkanci kaɗai ya rage, yana fita daga gefen bakinka a karkace. Harshen da ka sha a nono ya gudu ya bar ka, wanda aka yi maka dariya a kansa ya tsaya.

Asibitin suna da waya ta tafinta, irin wadda ka yi shekaru kana amsawa. Ma'aikaciyar jinya ta turo ta har bakin gadonka. A dokar ƙasar nan Sailuba ce mai cewa e ko a'a, amma Sailuba ta dubi ƙanen mijinta, kamar yadda aka koya mata. Injiniya ya ce a mayar. Ina tsaye a wurin. Ya ce, "Mutumin da ba ya cikin hayyacinsa ba a kawo masa bare ya saurare shi. Wa ya san abin da zai fito? Shekara goma ya yi a can yana saurayi. Mu ne danginsa, mun san abin da yake so." Na ce masa wannan aikin yayansa ne, kuma masu yin sa suna da amana. Ya ce, "Malam Umaru, kai aboki ne, muna girmama ka. Amma wannan maganar jini ce." Likitoci suka yi tambayoyinsu, Injiniya yana amsawa a madadinka, da ƙarfin zuciya irin na wanda bai san bai sani ba. Hairat ta gwada manhajar fassara a wayarta, amma bakinka ya karkace, na'urar ba ta kama komai sai shirme.

Sai kuma aka shiga mataki na gaba. Wasu suka ce ciwo dai ciwo ne, amma mutum ya manta yaren uwarsa ya koma yaren wasu, akwai hannun mutanen ɓoye. Wai aljani ne Baturke ya biyo ka tun daga can, ya yi shekaru yana jira. Masu wannan magana ba 'yan ƙauye ba ne, akwai mai digiri uku a cikinsu. Aka kira wani malami a Kano, aka kara maka waya a kunne yana ruƙiyya, yana daka wa aljanin tsawa ya faɗi sunansa. Ka ji wannan, Misbahu: sun yarda a kawo waya daga Kano don a yi magana da aljani, ba su yarda a kawo waya daga ƙasan bene don a yi magana da kai ba. Da malamin ya fara karatu, sai kai ma ka kama ayar kana bi, domin Alƙur'ani bai bar ka ba. Aka ce ai ga shi nan, aljanin Musulmi ne.

Aka mayar da kai gidan jinya a Silver Spring. Jama'a suna zuwa dubiya ranar Lahadi, rukuni-rukuni, da ƙamshin turare. Su ce sannu, ka buɗe baki ka yi ta magana, kana kallon fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, hawaye na bin gefen da ya mutu. Su ce, "Allah Ya sawwaƙe, Baturke ya koma gida." Wani ya kwaikwayi muryarka a bakin lif ɗin sauka bene, aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba ka jin Hausa a lokacin, amma dariya ba ta buƙatar tafinta.

Rifat Bey yana Izmir tun kafin ka kwanta, wurin 'yarsa, bai dawo ba sai watan Satumba. Na roƙi Sailuba tun kafin nan ta bar ni in ɗauko kowane Baturke daga masallacinsu na Lanham, ta ce ba za ta iya tsallake maganar Injiniya ta kawo wanda ba ta sani ba. Rifat kuwa ya ci tuwonta, ya yi wa hannunta addu'a. Da ya dawo, ta ce in kawo shi ranar Juma'a da rana, lokacin da kowa ya tafi masallaci, kuma kada in gaya wa kowa.

Ya shiga, ya cire hularsa, ya ce, "Gecmish olsun." Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi abin da taka ta yi ba. Ka damƙe hannunsa da hannunka mai rai, ka fara, shi kuma yana juya mana da Turanci, a kan ƙa'idarka, domin ya sha jin ta a bakinka.

"Ƙafata ta hagu tana ciwo tun lokacin sanyi, akwai wani abu a ƙarƙashin diddige. Ku daina ba ni shayi da madara. Ku kashe talabijin ɗin nan, ba na gane komai, ihu kawai nake ji. Ni ba mahaukaci ba ne. Na san kowa."

Aka ɗaga ƙafar, aka tarar da gyambo. Sailuba ta toshe bakinta da mayafi. Wannan shi ne asirin gidan da aka yi wata takwas ana tsarewa daga kunnen bare.

Sa'an nan ka faɗi wasu kalmomi da na gane sautinsu, domin tun Janairu kake maimaita su ga duk wanda ya shigo: "ilk goz arim." Rifat ya ce haka suke kiran ɗan fari a wurinsu, ciwon idona na farko. Ya ci gaba da bakinka: "Ina 'yata, ciwon idona na farko? Ku kira ta. Kowa na roƙa, babu wanda ya tafi." Rifat ya tambaye ka sunanta, domin shi ma, a duk shekarun shan shayinku, bai taɓa jin sa ba. Ka juyar da fuska bango. Rabin ƙwaƙwalwarka ya mutu, harsuna biyu sun zube, amma kunyar tana nan daram. Da sunan ka kira, ko da sau ɗaya, da tun Janairu kowa ya gane, domin suna ba ya sauya yare.

Sailuba ta kai wa Injiniya maganar. Ya yi fushi an kawo bare, sa'an nan ya yanke hukunci: "Ɗa ke neman uba, uba ba ya aika wa ɗa da roƙo. Ta san yana kwance, ta san hanyar filin jirgi. Ba za mu zubar masa da girma yana kan gado ba." Na karɓi lambar yarinyar a wurin Hairat na kira da kaina. Ina yi mata Hausa, tana mayar mini da Turanci, kamar dukan 'ya'yanmu. Na gaya mata duk abin da ya faru.

Ta ce, "Baba Umaru, ya kira sunana?"

Na ce, "Ya ce 'yarsa."

Ta ce, "Hairat ma 'yarsa ce."

Na ce, "Ya ce ta fari. Ciwon idonsa na farko."

Ta yi wata 'yar dariya da ba na fatan in sake jin irinta. Ta ce, "Ciwon ido. E, wannan kam ni ce." Sa'an nan ta ce za ta yi tunani.

Ta yi tunanin. Ba na ganin laifinta, wanda aka yi shekara talatin ana koya wa cewa ba a son sa ba zai warware a waya ɗaya ba. Rifat ya ci gaba da zuwa, Injiniya ya gaji ya kau da kai. A ɗaya daga cikin zuwan ka ba shi wani saƙo, ka ɗaure shi da alkawari cewa ba zai faɗa ta waya ba, sai ido da ido. Ko a nan sai da ka sa sharaɗi, Misbahu. A ƙarshe yarinyar ta gaya wa Hairat ta yanki tikiti, za ta zo ƙarshen mako. Kai kuma ka tafi ranar Laraba.

Ta sauya tikitin, jirginta zai sauka Alhamis da yamma. Na roƙi Injiniya a jinkirta zuwa Juma'a, ko fuskarka ta gani. Ya ce gawa ba ta jiran jirgi, sunna ce a gaggauta, kuma mata ba sa zuwa maƙabarta. Gaskiya ne sunna ce. Sai dai bara, da wani attajirinmu ya rasu, mutanen nan ne suka bar shi mako guda a firji ana neman jirgin da zai kai shi Kano, kuma ban ji wanda ya tuna da sunna ba. Muka binne ka bayan Azahar. Tana sararin sama a lokacin.

Ranar sadakar uku gidanka ya cika. Tana zaune a gefen uwarta, mata suna shigowa suna yi mata gaisuwa da baki, suna yi mata hukunci da ido. Wata ta ce, yadda kowa zai ji, "Ai 'ya'yan ƙasar nan sai dai addu'a." Rifat Bey ya zo, ya tsaya a ƙofar falo, ya yi mana gaisuwar mutuwa irin tasu, wadda ma'anarta Allah Ya bar kanku da lafiya. Ya nemi a kira masa ita. Muka koma kicin, ni da shi da ita, kicin ɗin nan dai. Ya ce mata shi tafinta ne kawai, zai faɗa kamar yadda aka ba shi. Sai ga tsohon Baturke, da Turancinsa mai nauyi, yana cewa:

"'Yata. Ranar da aka haife ki na yi ta zagaya asibitin ban shiga ba, domin surukaina suna ciki. Ranar da kika gama jami'a na ce ina da aiki. Ina can bayan zauren, kusa da ƙofa, na fita kafin ki gan ni. Ranar da kika ce in kira sunanki, na sauka ƙasa na shiga mota, na rufe gilashi, na yi ta kiran sa har muryata ta dushe."

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe tana kallon tagar da ke fuskantar wurin ajiye motoci, inda motarka take har yanzu, ganye ya rufe gilashinta. Sa'an nan ta juyo gare ni, ta yi magana da Hausa, karo na farko da na ji ta yi tun tana ƙarama, Hausa mai rauni amma babu kuskure a cikinta.

Ta ce, "Mota ta ji. Ni ban ji ba."

Ta gode wa Rifat, ta wanke tambulan da ke wurin wanke-wanke, ta koma wurin uwarta. Washegari ta tafi.

Wannan shi ne abin da na gani. Waɗanda za su ce ba a faɗin irin wannan a ta'aziyya, ina tuna musu cewa sun sami wata tara su saurari mamacin da kansa, suka ƙi. Kai kuma, abokina, ban rage maka komai ba, domin ƙa'idarka ce: ba ƙari, ba ragi, ko maganar ta yi nauyi. Ka kasance mutumin kirki, mai kyauta, mai ilimin da ba mu cancance shi ba, kuma ka yi wa yarinya ɗaya rauni da abin da kake zaton ladabi ne. Akwai irinka da yawa a gidajen hayar nan, suna zaune da 'ya'yan fari suna jiran gari ya yi musu bayani, ga shi kuwa babu gari.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanKa Misbahu. Kai ne Ka halicci harsuna Ka sanya su cikin ayoyinKa, kuma Kai kaɗai ne ba Ka buƙaci tafinta ba a duk watannin da ya yi yana kira. Ka sa jinyarsa ta zama kaffara, Ka yafe masa abin da ya faɗa da abin da ya kasa faɗa, Ka yalwata kabarinsa, Ka tabbatar da harshensa wurin amsa tambaya, Ka sada shi da Annabin rahama. Mu da muka rage, Ka yi mana hisabi da rahamarKa, domin in da adalci ne ba mu da hujja.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Sailuba, Allah Ya ba ta haƙuri da ladan jinya. Ga Hairat, Allah Ya yi mata albarka. Ga Injiniya Zulkifilu da sauran dangi na nan da na Ƙaraye, Allah Ya ba kowa gwargwadon niyyarsa. Ga Rifat Bey, wanda ya sauke amana.

Saura mutum ɗaya. Ka yi haƙuri, Misbahu, ka juya fuskarka bango in kana so. Ita ba 'yar farina ba ce, babu kunyar da ta ɗaure ni, kuma wani ya kamata ya faɗe shi a fili, a gaban mutane, ba a cikin mota ba.

Juwairiyya. Juwairiyya 'yar Misbahu. Allah Ya ba ki haƙuri.

Umaru Ɗanliti Bichi
Hyattsville, Maryland